FASHIN BAƘI: Zufa da za'atar, daga ganyen tsarki da maganin tari zuwa zauren kotu

A shekarar 1977, ma'aikatar noma ta Isra'ila, wadda Ariel Sharon ke riƙe da ita a lokacin, ta saka wani ɗan tsiro mai ƙamshi cikin jerin tsirran da doka ta hana tsinka a daji. Tsiro ne da bai cika wuce ƙugun mutum ba, yana fitowa a tsagar duwatsun Galili da na Gaɓar Yammacin Kogin Jordan, kuma da wuya a shiga gidan Bafalasɗine a rasa garinsa a cikin kwano kusa da man zaitun. Larabawa na ce masa za'atar. Da Ibraniyanci sunansa ezob, kuma akasarin masana tsirrai sun tafi a kan cewa shi ne ganyen da Attaura ta ce a riƙa tsomawa cikin jini ko ruwa ana yayyafawa don tsarkake mutum da gida.

Sunan nan ezob ya yi doguwar tafiya. Girkawa sun karɓe shi suka ce hussopos, daga nan ya shiga Latin da sauran harsunan Turai, har Turawan Ingila suka mayar da shi hisof. A littattafan likitancin Larabawa kuma ana samun ɗan'uwansa na asali, wato zufa. Sai dai a kan hanya sunan ya sauka a kan wani tsiro na daban, wanda ba shi ne na duwatsun Falasɗinu ba. Shi ya sa duk wanda ya nemi bayanin zufa a intanet zai tarar da tarihin tsirrai biyu a cakuɗe: ana jingina wa ɗaya darajar da littattafan addini suka ba ɗayan, sannan a sayar da shi a kan wannan darajar.

Warware wannan cakuɗa na da amfani ga mai sayen maganin gargajiya, da mai lambu, da kuma mai bibiyar siyasar Gabas ta Tsakiya.

Suna ɗaya, tsirrai biyu

Tsiron da ake kira zufa a kasuwar magunguna ta yau shi ne wanda masanin tsirran nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa suna Hyssopus officinalis a 1753. Kalma ta biyu a sunan na nufin abin da ake ajiyewa a ɗakin haɗa magani. Asalin tsiron kudancin Turai ne da wasu sassan Gabas ta Tsakiya har zuwa yankin Tekun Kasfiyan. Tsayinsa daga santimita 30 ne zuwa 60, gindinsa kan yi itace idan ya shekara, ganyensa siriri ne mai tsini, furensa shuɗi, wani lokaci fari ko ruwan hoda. Yana da ɗaci a baki, ƙamshinsa kuma ya ɗebo na kafur.

Za'atar kuwa sunansa a kimiyyance Origanum syriacum. Ganyensa gajere ne mai ɗan faɗi, launinsa toka-toka, jikinsa lulluɓe da gashi mai laushi, furensa ƙanana farare. Yana fitowa da kansa a Falasɗinu, Lebanon, Siriya, Jordan, Sina'i da kudancin Turkiyya.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne da na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Duk wanda ya taɓa murza ɗaɗɗoya a tafin hannu ya san alamomin dangin: kara mai kusurwa huɗu, ganye na fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, da ƙamshin da ke tashi da zarar an murza.

Hujjoji uku ne suka sa masana ke ganin za'atar shi ne ezob na Attaura. Ta farko, zufa ta Turai ba ta fitowa da kanta a Falasɗinu ko Masar, inda labaran suka faru. Ta biyu, malaman Yahudawa da suka rayu a ƙasashen Musulmi suka kuma yi rubutu da Larabci sun fassara kalmar da za'atar. Haka Sa'id al-Fayyumi, wanda ya mayar da Attaura Larabci kuma ya rasu a 942, ya yi. Haka ma Musa bin Maimun, likita kuma malami, wanda ya rasu a Masar a 1204. Ta uku, Samariyawa, wata 'yar ƙaramar al'umma da ke zaune a Dutsen Gerizim kusa da Nablus, har yau da za'atar suke shafa jinin layyarsu ta Idin Ƙetarewa. Akwai kuma dalili na zahiri: idan aka ɗaure rassan za'atar dami guda aka tsoma a ruwa, gashin ganyen kan riƙe ruwan kamar soso, abin da ya sa ya dace da yayyafi.

Duk da haka muhawarar ba ta mutu ba. Wasu sun ce kabar ne, wani tsiro mai ƙaya da ke fitowa a jikin tsofaffin katangun Ƙudus. A kan wani wuri guda na Linjila, inda ake bukatar sanda mai tsawo, har akwai masu cewa karan dawa ake nufi.

Ganyen yayyafi

Ezob ya bayyana a wurare da dama na Littafi Mai Tsarki, kuma kusan ko'ina aikinsa ɗaya ne. A Littafin Fitowa, da shi Bani Isra'ila suka shafa jinin rago a madogaran ƙofofinsu a daren da suka bar Masar. A Littafin Firistoci, ana haɗa shi da itacen al'ul da jan zare da tsuntsaye biyu wajen tsarkake wanda ya warke daga cutar fatar da fassarori ke kira kuturta. A Littafin Ƙidaya, ana jefa shi cikin wutar da ake ƙona jar karsana, sannan a jiƙa tokar da ruwa a yayyafa wa wanda ya taɓa gawa, kuma da reshen ezob ake yayyafin. Zabura ta 51, wadda addu'ar tuba ce, ta ambace shi a matsayin abin wanke zunubi. Linjilar Yohanna kuma ta ce a kansa aka ɗora soso mai ruwan inabi mai tsami aka miƙa wa Yesu, a labarin gicciye kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan wuraren ba a sha ganyen ba, ba a kuma ce yana warkar da cuta ba. Kayan aiki ne na ibada. Mutumin da ake tsarkakewa daga cutar fata ma sai ya riga ya warke ake yi masa yayyafin, domin a mayar da shi cikin jama'a.

Cocin Katolika ta gaji wannan al'ada. Yayyafa wa masu ibada ruwan da aka yi wa addu'a kafin babbar sujadar Lahadi yana tafiya ne da waƙar da aka ɗauko daga waccan Zabura, kuma a tsohon tsarin keɓe sabuwar majami'a, bishof kan yi amfani da damin ganyen hisof. Tun da za'atar ba ya fitowa a Faransa ko Jamus, sai aka ɗauki tsiron da ke ɗauke da sunan a can. Ta haka zufa ta Turai ta sami alfarmar da ba da ita aka fara ba.

Al'adar jar karsana ma ba ta tsaya a takarda ba. A watan Satumba na 2022 aka kai jajayen karsana biyar Isra'ila daga jihar Texas ta Amurka, da hannun wata ƙungiya mai suna Temple Institute, wadda ke fafutukar sake gina Haikalin Yahudawa a Ƙudus. Dalilin da ya sa lamarin ya tayar da hankali shi ne, babbar majalisar malaman Yahudawa ta Isra'ila ta daɗe da hana mabiyanta hawa harabar da Masallacin Al-Aƙsa yake, bisa hujjar cewa kowa na ɗauke da janabar gawa, kuma babu tokar da za a tsarkake shi da ita. Masu wannan fafutuka na ganin idan aka samu tokar, wannan hujja ta faɗi. Cikin kayan da ake bukata don ƙona karsanar akwai damin ezob.

Alƙur'ani bai ambaci zufa ba. Ta ƙofar likitanci tsiron ya shiga duniyar Musulmi. Amma ware wani ganye don tsarki ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san matsayin ganyen magarya a wankan gawa da kuma wajen masu ruƙiyya.

Daga ibada zuwa tsibbu

Abin da aka ce yana tsarkake mutum a gaban Ubangiji, ba a daɗe ba mutane suka fara neman ya kare su daga maƙiya. A Turai ta tsakiyar zamani da bayanta, an riƙa rataya zufa a gidaje ana kuma turara ta don korar miyagun iskoki da annoba. Ana kuma barbaza ta a daɓen ɗaki tare da wasu ganyaye masu ƙamshi, domin duk wanda ya taka ƙamshi ya tashi. Thomas Tusser, wani manomi marubuci na Ingila a ƙarni na 16, ya lissafa ta cikin irin waɗannan ganyaye. A zamanin da ake zaton wari ne ke ɗauke da cuta, tsaftar gida da neman tsari ba su rabu da juna ba.

Littafin tsibbu mafi shahara a Turai, wanda ake kira Mabuɗin Sulaimanu, ya ware babi guda a kan ruwa da hisof. An jingina littafin ga Annabi Sulaiman, amma masana tarihi sun nuna an rubuta shi ne a Turai wajen ƙarni na 14 zuwa na 15. Ya umarci boka ya ɗaure zufa da wasu ganyaye ya yi abin yayyafi, ya tsarkake kansa da kayan aikinsa kafin ya kira aljanu. Wato an kwaikwayi aikin firist, aka juya shi zuwa wata manufa. Nicholas Culpeper, mai maganin ganye na Ingila da ya wallafa littafinsa a tsakiyar ƙarni na 17, shi kuma ya saka zufa ƙarƙashin tauraron Mushtari, domin a wurinsa ilimin taurari da na magani abu ɗaya ne.

Daga baya al'adar ta haye teku. A kudancin Amurka, cikin baƙaƙen fata jikokin bayi, akwai tsarin tsibbu da ake kira hudu, wanda ya haɗa abin da aka taho da shi daga Afirka da Littafi Mai Tsarki. A can ana dafa zufa a zuba a ruwan wanka, mai wankan na karanta Zabura ta 51, don karya sammu ko wanke kai bayan an aikata wani mugun abu. Har yau shagunan kayan tsibbu a Amurka da na intanet na sayar da busasshiyar zufa da sabulunta da manta don wannan bukata.

Babu wani gwaji da ya taɓa nuna ganye na karya sammu. Abin da tarihin ya nuna a fili shi ne hanyar da imanin ya bi: daga nassi zuwa coci, daga coci zuwa littafin boka, daga nan zuwa kanti, kuma tun a zango na biyu aka canza tsiron ba tare da masu amfani da shi sun lura ba.

Abin da likitocin dā suka rubuta

A fannin magani, labarin ya fi tsayuwa a kan abu guda: ƙirji. Dioskorides, likitan Girka na ƙarni na farko, ya rubuta cewa a dafa hussopos da ɓaure da zuma da wani ganye mai ɗaci da Larabawa ke kira sazab, a sha don tsohon tari, asma da ƙuncin numfashi. Ya kuma ce yana kashe tsutsar ciki. An fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, daga nan maganar ta shiga hannun likitocin Musulmi.

Ibn Sina, wanda ya kammala Al-Ƙanun fid Ɗibb a 1025, ya kawo zufa cikin magungunan ƙirji da huhu. A littattafan wannan zamani ana raba zufa gida biyu, busasshiya da ɗanya, kuma a nan akwai wani tarko. Busasshiyar zufa ita ce ganyen. Ɗanyar zufa kuwa ba tsiro ba ce sam. Maiƙon da ake tatsa daga gashin tumaki ne, wanda ake shafawa a fata. Sunayen abubuwan biyu sun yi kama da juna a harshen Girka, sai suka haɗe a fassara. Wanda ya karanta tsohon littafin ɗibbu bai san wannan ba, zai iya ɗauka ana nufin ɗanyen ganye.

A Jamus, Hildegard ta Bingen, shugabar wani gidan mata masu ibada da ta rasu a 1179, ta ba da shawarar a dafa kaza da zufa ga wanda baƙin ciki ya taɓa wa hanta. A Indiya da Pakistan, masu likitancin Yunani, wanda ya samo asali daga littattafan su Ibn Sina, har yau suna haɗa sharbar zufa don tari da majina.

Za'atar ma na da nasa matsayi a gidajen Sham. Ana shan shayinsa don mura da ciwon ciki. Ana kuma daka busasshen ganyen a haɗa da riɗi da gishiri da summaƙ, wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami, a ci da gurasa da man zaitun. Iyaye mata sun yi imani yana buɗe ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba yara shi da safe ranar jarrabawa. Gurasar da ake shafa masa a gasa, wadda ake kira man'ushe, ta shiga jerin al'adun gado na hukumar UNESCO da sunan Lebanon a 2023.

Abin da binciken zamani ya tabbatar

Ƙamshin waɗannan tsirrai yana fitowa ne daga wani mai da ke cikin ganyen, kuma a nan bambancinsu ya fi muhimmanci. Man za'atar na ɗauke da sinadaran karbakrol da taimol, waɗanda gwaje-gwaje suka nuna suna kashe ƙwayoyin cuta da dama a ɗakin bincike. Taimol na cikin abin da ake haɗa ruwan kurkure baki na Listerine da shi. Man zufa kuwa abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne finokamfon da ɗan'uwansa aisofinokamfon, kuma waɗannan na iya tayar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Likitoci, musamman a Faransa, sun rubuta rahotannin yara da manya da suka kamu da jijjiga irin ta farfaɗiya bayan sun sha tataccen man. Saboda haka ake gargaɗin kada a ba yara shi, kada mai ciki ko mai shayarwa ko mai farfaɗiya su kusance shi.

Ganyen da ake zubawa a miya ko a shayi ba ɗaya yake da tataccen mai ba, domin sai an turara ganye mai yawa kafin a sami 'yar ƙaramar kwalba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta lissafa zufa cikin kayan ƙamshin da babu laifi a zuba a abinci. Amma rashin cutarwa daban, warkarwa daban. Kwamitin ƙwararrun da gwamnatin Jamus ta kafa don tantance magungunan ganye ya duba zufa, ya ƙi amincewa da ita a matsayin magani, saboda babu isasshiyar shaidar cewa tana yin abin da ake cewa tana yi. Ya dai yarda a zuba kaɗan a haɗin shayi don ɗanɗano.

Akwai misalin da ya kamata a riƙe. A 1990 wani bincike ya nuna ruwan ganyen zufa na hana ƙwayar HIV hayayyafa a cikin kwalbar gwaji. Tun daga lokacin masu talla ke ɗauko wannan sakamako suna yaɗawa. Ba a taɓa nuna cewa zufa na warkar da mai ɗauke da cutar ba. Abubuwa da yawa na kashe ƙwayar cuta a kwalba, har da sabulu, amma jikin mutum ba kwalba ba ne.

Wannan ya shafi mai saye a Kano ko Kaduna kai-tsaye, ganin yadda kantunan magungunan ganye da tallansu a Facebook da TikTok ke ƙaruwa. Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya shaida ce cewa an gwada an ga ba su da illa a yadda aka ce a sha. Ba shaida ba ce cewa suna warkarwa, kuma ana bukatar a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Sannan sunan kasuwa ba ya wadatarwa. Da Ingilishi kaɗai akwai aƙalla wasu tsirrai uku da ke amsa sunan hisof: Agastache foeniculum na Arewacin Amurka, Bacopa monnieri da ake amfani da shi a Indiya, da Gratiola officinalis, wanda guba ne. Sunan kimiyya da ke jikin kwali ne kawai ke raba gardama.

A lambu

Wajen shuka, zufa ba ta da fitina. Tana son rana sosai da ƙasa mai tsakuwa ko yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, musamman mai farar ƙasa a ciki. Ana barbaza irin a rufe shi da ƙasa kaɗan, ya tsiro cikin mako biyu zuwa uku, sannan a dasa da tazarar kimanin santimita 30. Ana iya yanko ɗanyen reshe a kafa, ko a raba tsohon gindi. Idan ta kama ƙasa tana jure fari. Taki mai yawa kan sa ta yi ganye ta rasa ƙamshi. Ana yanka ta lokacin da ta fara fure, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana na cinye man. Bayan shekara huɗu ko biyar gindin kan tsufa ya yi itace, sai a sake sabo.

Saboda tana karɓar aski, masu lambunan fadar Ingila na ƙarni na 16 sun riƙa jera ta a matsayin ƙaramin shinge suna fitar da zane da ita. Ƙudan zuma na son furenta ƙwarai, don haka masu kiwon zuma ke shuka ta kusa da amya. Masana'antun turare na sayen manta, masu haɗa wasu nau'o'in barasa a Faransa kuma na amfani da ganyen don ɗanɗano da launi.

Masu lambu a Turai na cewa idan aka shuka ta kusa da kabeji tana janye malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke cin ganyen, kuma tana ƙara wa inabi albarka. Wannan magana ce ta gado, gwaji bai tabbatar da ita ba tukuna.

Ga mai son gwadawa a ƙasar Hausa, abin da za a kiyaye shi ne damina. Tsirran nan sun saba da ƙasar da ake ruwa lokacin sanyi, a yi rani lokacin zafi. A nan kuwa zafi da ruwa tare suke zuwa, kuma ruwan da ya kwanta a ƙasa mai ɗumi shi ne ke ruɓar da saiwarsu. Tukunya mai huji a gindi da aka cika da yashi da tsakuwa ta fi kwari ko fadama, kuma wuri mai tsayi da sanyi irin Jos ya fi kusa da abin da suka saba.

Wa ke da ikon tsinka?

Za'atar ma na nomuwa cikin sauƙi, kuma wannan na cikin abin da ya sa dokar 1977 ta zama abin jayayya. Hujjar hukumomin Isra'ila ita ce tsiron na raguwa a daji saboda yawan tsinka, musamman daga masu kwasa da yawa don sayarwa, waɗanda wasunsu ke tumɓuke shi da saiwa. A 2005 aka ƙara akkub a jerin, wani tsiro mai ƙaya da Falasɗinawa ke dafawa a ƙarshen hunturu. Wanda aka kama ana iya cin sa tara ko a gurfanar da shi a kotu, kuma dokar ta tanadi ɗauri.

Falasɗinawa na kallon lamarin ta wata fuska. Su ne kusan kaɗai ke tsinkar waɗannan tsirrai, don haka su dokar ta faɗa wa. Rabea Eghbariah, lauya da ya yi aiki da cibiyar kare haƙƙin Larabawan Isra'ila mai suna Adalah, ya bi diddigin shari'o'in da aka yi a kan tsinkar za'atar da akkub, ya tarar waɗanda aka gurfanar duk Larabawa ne. Masu suka na ƙara da cewa tsinkar gargajiya yankan reshe ce, a bar saiwa ta sake tohuwa, alhali gina tituna da sababbin unguwanni na share tsiron gaba ɗaya daga wuri, ba a kuma kai kowa kotu a kan haka ba. Sannan bayan hanin, gonakin Isra'ilawa sun shiga noman za'atar don kasuwa, har ya kasance wanda kakanninsa ke tsinka kyauta a bayan gari ya koma saye a kanti.

Nauyin abin ya wuce na abinci. Ga mutanen da aka raba da gonakinsu tun 1948, fita tsinkar za'atar hanya ce ta ci gaba da taka ƙasar da sanin sunan kowane tudu da kwari. Sansanin 'yan gudun hijirar Falasɗinawa da aka yi wa ƙawanya a Beirut har ya faɗi a watan Agustan 1976, inda aka kashe mutane masu yawa, sunansa Tal al-Za'atar, wato tudun za'atar. Mahmud Darwish ya yi wa abin da ya faru waƙa mai suna Ahmad al-Za'atar. A 2022 kuma Jumana Manna ta fitar da fim a kan tsofaffin da ke wasan ɓuya da jami'an gandun daji saboda ɗan abin da za su saka a tukunya.

Matsin lambar lauyoyi ya yi tasiri. Daga 2019 zuwa 2020 hukumar kula da gandun daji ta Isra'ila ta fara sassautawa, ta ba da damar ɗibar kaɗan don amfanin gida bisa wasu sharuɗɗa, duk da cewa tsirran na nan a jerin waɗanda doka ta kare.

Lebanon, wadda ita ma ke fama da raguwar za'atar a daji, ta bi wata hanya. Ma'aikatar nomanta ta ƙayyade lokacin da za a yi tsinka, ta hana tumɓuke saiwa, amma ta bar mutanen ƙauye da sana'arsu. A kudancin ƙasar, inda ragowar bama-baman yaƙin 2006 suka mayar da hawa duwatsu kasada, an ƙarfafa wa manoma gwiwa su shuka shi a gona, wasu ma a madadin taba.

Ƙasashen biyu sun yarda tsiron na bukatar kariya. Inda suka rabu shi ne matsayin da suka ba mai tsinka: ɗaya ta ɗauke shi abokin aiki da za a gindaya wa ƙa'ida, ɗayar ta ɗauke shi mai laifi na sama da shekara arba'in. Irin wannan zaɓi na gaban duk gwamnatin da ke rubuta dokar gandun daji, har da na jihohin Arewa, inda mai sassaƙar ɓawon maɗaci don maganin shawara da dillalin da ke lodin gumagumai a tirela ke shiga daji ɗaya, amma ba kasafai suke haɗuwa a gaban alƙali ɗaya ba.